Ruwan Ganyen da Inna Ke Zubarwa

Mahaifiyata ta yi shekara talatin tana aiki a ɗakin wanki na asibiti, kuma har yau ba ta yarda wani abu ya tsabtata ba sai ya ga tafasasshen ruwa. Zanin gado, cokali, buroshin haƙori, har takalmin roba bai tsira ba. Jikokinta Inna Tafasa suke ce mata, ita kuwa ta amsa da fara'a kamar sarauta aka ba ta.

Baba direban motar makaranta ne. Wata safiya yana goge gilashi ƙirjinsa ya riƙe, aka kai shi asibiti. Allah ya taƙaita, amma shugabar makarantar ta karɓe makullin motar, ta ce sai likita ta sa hannu a takarda. Zangon karatu biyu suka rage masa ya yi ritaya, shi kuwa ya rantse a kan sitiyari zai yi sallama da yaran, ba daga kujerar falo ba.

Ni na raka shi wurin likitar zuciya, don in aka bar shi shi kaɗai, "lafiya lau" kawai zai kawo mana gida.

"Baba, hawan jini shi ne babba, kuma kana shan maganinsa," in ji likitar. "Amma akwai wani bitamin, folet, ya yi ƙasa a jininka. In ya yi ƙasa, wani sinadari yakan taru, kuma an lura masu yawansa sun fi gamuwa da ciwon zuciya da shanyewar jiki. Ban ce ganye kaɗai zai tsare maka zuciya ba. Ni dai ba na son in bar wannan ƙofar a buɗe in miƙa maka yaran mutane. Zan ƙara maka ƙwaya ɗaya."

"Haba 'yata, huɗu fa nake sha. In kika ƙara ta biyar, ai ina tafiya za a riƙa jin kacau-kacau."

Ta yi dariya, ta ce to a gwada abinci na sati takwas: alayyafo, kabeji, wake, lemu. Wake dai Baba ya ce ba da shi ba. Lemu kuma jikoki ke riga shi. Saura ganye, Inna kuwa ta ɗaura ɗamara. Safe ganye, rana ganye, har Baba ya ce ya fara jin tausayin awaki.

Bayan sati takwas muka koma. Jini ya sauka, folet kuwa yana nan inda yake. Likitar ta dube ni ta saman gilashinta ta ce, "Anya yana ci kuwa?" Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Uwata ce ake zargi da sakaci, matar da ko ƙuda ba ya iya sauka a kicin ɗinta. A hanya, da muka zo wuce ƙofar makarantar, Baba ya juyar da kai gefe.

Ranar Asabar da hantsi na je gida na zauna a kan kujerar kicin, na ce yau sai na ga komai da idona. Inna ta zuba alayyafo a babbar tukunya, ta cika da ruwa, ta rufe, ta tafi shanya. Ya tafasa, ya tafasa, har na gaji da kallon agogo. Ta sauke, ta tsiyaye koren ruwan a bokiti, ta kai gindin furen da ke bakin taga ta juye. Ta ɗauraye ganyen sau biyu. Sannan, wallahi, ta matse shi da hannu biyu yadda ake matse tawul.

"Inna, wanki kike ko girki?"

"Ke tafi can. Mai ciwon zuciya zan ba ɗanyen abu?"

Na kira likitar, na sa wayar yadda kowa zai ji. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce a hankali, "Mama, folet ba ya jure doguwar wuta, kuma cikin ruwan yake fita. A wanke ganyen sosai da ruwan sanyi, a turara shi minti kaɗan. Ruwan da ya rage kuma kar a zubar."

Inna ta zauna a kan buhun shinkafa, hannunta na ɗigar koren ruwa. Tausayinta ya kama ni.

"A asibiti na ga abin da ƙazanta ke yi wa mutum," ta ce. "Tsoro nake kar in rasa shi. Ashe ni ce nake zubar masa da magani."

Baba ya leƙo daga ƙofa, ya dubi furen, wanda ya yi ganye shar har ya rufe rabin tagar.

"Yo shi ya sa! Sati takwas wannan ke shan rabona. Hajiya, shi za a ba makullin, ni in zauna a tukunyarsa."

Inna ta jefe shi da tsumma, tana dariya tana share ido. Ya ɗauke tsumman ya ce, "Shekara arba'in a gidan nan ko ciwon ciki ban taɓa yi ba. Wa ya yi min wannan in ba ke ba?"

Daga ranar aka koma girki da agogo. Minti biyar Inna take tsayawa a gaban tukunya, hannayenta a baya, tana gunaguni cewa ganyen ko mutuwa bai yi ba. Ruwan kuma a kofi take miƙa wa Baba, ta tsaya sai ya shanye. Wake ma ya shiga hannu, don ta ce tunda ita ta bar tafasa, shi ma sai ya bar tsirfa.

Bayan sati shida likitar ta duba takardar gwaji, ta ɗauki biro ta sa hannu. Baba ya riƙa yi mata addu'a har ta kore mu. Da yamma shugabar makarantar ta aiko da makullin motar har gida, Inna ta karɓa.

Ran Litinin da safe ya fito cikin farar rigarsa, ya miƙa hannu. Ta ɗora masa makullin a tafi. Ya ɗan zabura, ya juya shi, ya dube ta.

"Hajiya, da ɗumi fa."

"Wata uku yana aljihun tebur ɗin wasu," in ji ta. "Wannan dai likita ba ta hana ba."

Ya damƙe shi a hannu bai sa aljihu ba, ya fita.