Ranar Zaɓen Darussan Auta

Sai da na roƙi shugabar sashenmu sau biyu kafin ta ba ni rabin yini. A ɗakin wanki na asibiti nake aiki. Zannuwan gado, rigunan tiyata, fararen kayan ma'aikatan jinya, duk ta hannuna suke bi. Biyu daga cikin masu sa fararen kayan nan ajinmu ɗaya da su a sakandare. In mun haɗu a baranda sukan gaishe ni da fara'a, ni ma in amsa, in wuce da kwandona.

Jinya na so in karanta. Shekara shida ke nan, saura mako uku a yi bikin kammala makaranta, aka liƙa sunayen waɗanda za a ba takardar shaida. Na bi jerin da yatsa sau uku, babu sunana. Ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba. A ofis aka ce min doka ta ce sai ɗalibi ya yi darasin kimiyya biyu, ni kuwa ɗaya na yi. Tun a shekarar farko, malamin da ke tsara wa sababbin ɗalibai darussa ya cire min kemistiri ya sa min buga na'ura. Na tuna har na tambaye shi a lokacin, ya ce, "Ba komai, daga baya za a gyara." Haka yake ce wa kowa, shi ya sa ɗalibai suke kiransa Malam Ba-Komai.

To yanzu ga ƙanwata, autar gidanmu, ta samu shiga makarantar nan tawa. Mama ƙafa ta hana ta doguwar tsayuwa, don haka ni ce mai raka ta.

"Don Allah ki je a hankali," in ji Mama muna sa takalma. "Na san halinki."

"Fom kawai zan duba, Mama."

"Haka kika ce ranar da kika je ofishin ruwa."

Auta ta tuntsire da dariya. Ni ban yi ba.

Ɗakin taron yana nan yadda na bar shi: dogayen bencina, fanka ɗaya da ke juyawa kamar an tilasta mata, da tebura uku a gaba. Iyaye sun cika wurin da 'ya'yansu cikin sababbin kayan makaranta masu sauran ƙarin guga. A tebur na tsakiya kuwa ga Malam Ba-Komai zaune. Ya ɗan yi furfura, amma biron nan nasa mai igiya yana rataye a wuyansa.

Layi yana tafiya da sauri, kuma saurin ne ya fara ba ni haushi. Uba ya zo, a miƙa masa takarda, a nuna masa inda zai sa hannu, ya sa, ya yi godiya har da rusunawa. Ko minti ɗaya ba a yi da mutum. Shekara uku ta rayuwar yaro, ana sallamarta kamar ana raba katin ganin likita.

Da muka iso ya ɗago ya dube ni. Bai gane ni ba. Na yi shekara shida ina shirya abin da zan ce masa in mun haɗu, ashe shi ko fuskata bai riƙe ba.

"Ina kwana, Malam."

"Lafiya lau. Ke ce mahaifiyarta?"

"Yayarta ce."

"To, sa hannu a nan ƙasa."

Na ɗauki fom ɗin. An riga an yi wa darussa tara alama da jan biro. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Lissafi, harshe, tarihi, ilimin halittu, na ci gaba har ƙasa. Kimiyya ɗaya. A layi na bakwai an rubuta kwamfuta, sabon sunan buga na'ura ke nan.

"Wa ya zaɓa mata waɗannan?"

"Makaranta. Mun duba sakamakonta."

"Ai na ɗauka yau ce ranar zaɓe."

"Zaɓen ke nan, Hajiya. Sa hannu, mutane suna jira."

"Kimiyya nawa ake buƙata kafin a ba yaro takardar shaida?"

Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa. "Wannan sai sun je aji uku ake maganarsa."

"Nawa ne, Malam?"

"Biyu. Amma ba komai, daga baya za a gyara."

Auta ta kama gefen mayafina ta ja. Ta san labarin, a gabanta na yi wata guda ban fita ƙofar gida ba. Na ajiye fom ɗin a kan tebur, na dafe shi da tafin hannu.

"Daga baya yaushe? A wane zango? Wa zai gyara, kai ko ita? Rubuta min a nan ka sa hannu."

"Ke, ba a yi min tsawa a wurin aikina."

"Ban ɗaga murya ba tukuna. Ba ni takardar sharuɗɗan kammalawa in gani."

Ya ce babu ita a nan. Na ce tana cikin koren fayil ɗin da ke ƙarƙashin gwiwar hannunsa, don ina hango kanta ya leƙo. Wani mutum a bayana, direban babbar mota ne da ya zo da ɗansa, ya ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri mana, lodi yana jirana." Na juya na ce masa, "Baba, ɗanka kimiyya nawa aka sa masa? In ka karɓi fom ka ƙirga." Ya juya ya dubi ɗansa.

Malam ya ga idanu sun yi masa yawa. Ya zaro takardar ya cilla min ita a kan tebur. Shafi ɗaya ce tak, gaba da baya. Abin da ya hana ni takardar shaida ke nan, ko rabin awa ba za a yi ana karanta wa ɗaki guda ba.

Na juya na fuskanci bencina. Ban taɓa magana a gaban taro ba, amma ranar ban ji kunyar kowa ba.

"Iyaye, ku ba ni minti biyu. Wannan ita ce dokar da za a auna 'ya'yanku da ita nan da shekara uku. Wanda ya riga ya sa hannu ya tambayi ɗansa abin da aka rubuta masa."

Na fara karantawa. Lissafi shekara uku. Harshe shekara uku. Kimiyya biyu, kowacce da aikin ɗakin gwaji. Wata mata mai tsinin allura a bakin mayafi, da gani tela ce, ta ce wa 'yarta, "Ke, nawa ne naki?" Yarinyar ta ce ɗaya. Can baya wani ya ce nasa ma ɗaya. Sai guna-guni ya tashi.

Na juya bayan takardar na ci gaba, don ban san abin da ke ciki ba. "Ɗalibin da darasi ɗaya ya rage masa yana da damar dawowa ya yi shi a lokacin dogon hutu, cikin shekara biyu da gama ajinsa, a ba shi takardar..."

Nan muryata ta tsaya. Na sake karanta layin a zuci. A ƙasan shafin akwai shekarar da aka buga takardar. Ta girmi shigata makarantar.

Na juyo gare shi a hankali.

"Malam, ka tuna yarinyar da ta zo ofishinka shekara shida da suka wuce, saura mako uku a yi biki? Ta durƙusa a gaban teburinka tana kuka. Ka ce mata sai dai haƙuri, ƙaddara ce."

Ya dube ni sosai a karon farko.

"Wannan layin yana cikin fayil ɗinka a ranar?"

"An liƙa a allon sanarwa," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kowace shekara ana liƙawa."

"Ina gabanka a durƙushe. Baki gare ka. Dogon hutu ɗaya, Malam. Mako shida. Ka san abin da nake yi yanzu? Zanin da mara lafiya ya ɓata nake wankewa. Ba na raina aikina, da shi nake saya wa mahaifiyata magani. Amma ba ni na zaɓe shi ba, kai ka zaɓa min da jan biro, ko sunana ba ka sani ba."

Ya kama biron da ke wuyansa yana murzawa. Na so ya yi musu, ko ya yi borin kunya, in samu inda zan sauke abin da ke ƙirjina. Shirun nan nasa ya fi ƙona min rai.

Hayaniya ce ta fito da shugabar makarantar daga ofis. Sabuwa ce, ban san ta ba, gajeriya mai saurin tafiya. Ta saurari tela, ta saurari direba, wanda yanzu ya fi kowa zafi ya manta da lodinsa. Sannan ta karɓi fom goma daga kan tebur ta duba. Bakwai a ciki kimiyya ɗaya ce.

"Malam, me ya kawo haka?"

"Ranki ya daɗe, ɗakin gwajin kemistiri kujera talatin ne. Yara ɗari da arba'in. Malamin kemistiri ɗaya. Na rubuta wa ofis sau nawa? Sai in cika talatin, sauran in sa su inda akwai wuri, da fatan wasu za su canja makaranta a samu gurbi."

"In ba su canja ba fa?" na ce.

Ya hau jera fom ɗin da ke gabansa.

Na yarda kujerun talatin ne. Na zauna a kansu sau ɗaya, ranar da aka zagaya da mu. Amma ƙarancin kujera bai hana mutum buɗe baki ya gaya wa uwa gaskiya ba, ta san inda za ta kai ɗanta tun da sauran lokaci. Haka na faɗa wa shugabar. Ta ce a dakatar da sa hannu, a mayar wa kowa fom ɗinsa, a kawo sababbi marasa alama. Ta ce za a raba ajin gwaji gida biyar, wasu su riƙa tsayawa bayan an tashi.

Aka miƙo mana sabon fom. Na karɓi biro na fara: kemistiri, ilimin halittu. Auta ta riƙe biron.

"Yaya, ba ni."

"Bari in gama miki. Da waɗannan biyun ake shiga makarantar jinya."

"Wa ya ce miki jinya nake so?"

Na dube ta. Idanunta sun yi ja. Tun ɗazu tana tsaye a gefena, 'yan ajinta da ko sunansu ba ta sani ba tukuna suna nuna ta da baki.

"Kin gama yi masa faɗa don ya cika miki fom bai tambaye ki ba," ta ce a hankali, don kada a ji. "Ke kin tambaye ni? Zanen gine-gine nake so. Fiziks zan yi da kemistiri. Na karanta takardar a hannunki, biyu ne, na ƙirga."

Maganar ta shige ni. Na ji haushinta, na ji haushin kaina ya fi. Na sakar mata biron. Ta soke ilimin halittu da layi ɗaya, ta rubuta nata da ɗan ƙaramin rubutunta mai tsabta, ta bi jerin sharuɗɗan tana yi wa kowanne alama. Sai da ta gama ta miƙo min na sa hannu.

Kafin mu fita shugabar ta kira ni gefe, ta rubuta sunana da shekarar da na gama. Ta ce ba ta yi min alkawari ba, amma za ta rubuta wa hukumar jarrabawa. Malam yana can a teburinsa, iyaye sun yi masa rumfa, kowa da tambayarsa. Yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, yana nuna layi da yatsa. Bai ƙara kallon inda nake ba, ni ma ban yi masa sallama ba.

A mota, da muka kusa sauka, Auta ta juyo ta dube ni.

"Yanzu shekara uku za a yi ana ce min ƙanwar masifaffiya."

"Su ce. Za ki fita da takarda."

Na koma aiki na makara da awa ɗaya, shugabar sashenmu ta yi min tatas a gaban kowa. Na ba ta haƙuri, na wuce na kunna injin wanki.

Amsar hukuma ta zo bayan wata biyu. Layi uku ce. Wa'adin shekara biyu ya wuce, ba a ɗaga wa kowa ƙafa, amma ina iya yin rajista a matsayin ɗalibar waje in rubuta dukkan darussan daga farko. Duka tara, saboda guda ɗaya. Na karanta wa Mama a tsakar gida. Ta ce in yi haƙuri in yafe wa bawan Allah, wataƙila shi ma abin yana damunsa.

"Ya zo ya nema, Mama. Ya san sunana yanzu."

Bai zo ba har yau.

Na yi rajistar. Lissafi ya gudu daga kaina, tarihi kuwa kamar ban taɓa ji ba. Kemistiri ne ban da abin mantawa a cikinsa, tunda ban taɓa yi ba. Ranar Talata da Alhamis Auta tana tsayawa ɗakin gwaji, ba ta dawowa sai biyar ta wuce, a gajiye, tana mita. Ta ci abinci, ta jawo littafinta ta buɗe mana a kan tabarma. Ba ta da haƙurin koyarwa ko kaɗan. Jiya sau uku tana yi min bayanin abu ɗaya, a na huɗu ta ce kaina kamar dutse, na ce ta kiyaye ni, ni na yi mata wankan jarirai. Mama ta leƙo ta ce in faɗa za mu yi mu koma waje. Jarrabawar saura wata biyar.