Hular Tankari a Jirgin Hong Kong

Jirgin ruwan bai yi nisa da tashar Nansha ta Guangzhou ba cikin Tankari ya fara juyawa. Ya danne. A gefensa Alhaji Maidaji ne, mahaifin matarsa Mariama, wanda ya zo Guangzhou sarin takalma, ya ce ba zai koma Kano ba sai ya ga Hong Kong. Tankari ne ma ya hana a bi jirgin ƙasa.

"Ta ruwa ya fi, Baba. Mu da kullum harkarmu teku."

Alhali kwantenoninsa ne ke hawa teku. Shi ko kwalekwale bai taɓa shiga ba.

Tsohon ya kwance ƙunshin kilishi. Ƙamshin ya daki Tankari, ya kau da kai. Alhaji ya ɗauka kunya ce.

"Ci mana, Malam. Nan ba gida ba ne, wa zai gani?"

"Na ƙoshi, Baba."

Banɗaki na can baya. Amma Tankari ne a jikin taga, tsohon kuwa ya miƙe ƙafarsa mai ciwon gwiwa ta tare hanya. Ya tsallake ƙafar surukinsa? Ko ya buɗe baki ya gaya masa inda za shi? Ya zauna yana ta zufa.

Jirgin ya hau igiyar ruwa ya faɗo. Abin ya taho gaba ɗaya. Babu leda a kusa. Tankari ya fizge hularsa, sabuwar zanna bukar, ya kifa fuska a ciki. Wata 'yar China a kujerar gaba ta waigo, ta toshe hanci. Da ya ɗago, ya ga Alhaji ya rufe ido kamar mai barci, ga yankin kilishi a hannunsa.

Suna sauka Tankari ya jefa hular a kwandon shara. Tun da ya auri Mariama bai taɓa tsayawa gaban mutumin nan da kai a buɗe ba, ga sanƙo har ƙeya. Ya koma tafiya a bayansa. Alhaji na ɗaga kai yana kallon dogayen gine-gine yana salati, Tankari bai ga komai ba sai kwalta.

A bakin ruwa tsohon ya tsaya.

"Zo mu yi hoto. Hajiya ta ce a tura mata."

Hajiya, uwar Mariama. Kafin la'asar dangi kaf sun gani.

"Baba, bari in ɗauke ka kai kaɗai."

"A'a."

Alhaji ya miƙa wa wani mai wucewa wayar, ya nuna masa da hannu. Sannan ya cire tasa hular, ya ninke, ya cusa a aljihu.

"Garin nan nasu da zafi yake," in ji shi. "Matso."

Iska mai sanyi ce ke busowa daga teku. Tankari ya matso, bai iya ɗaga ido ba.