Ranar da Kwamfutar Asama'u Ta Ƙi Tashi

Khalilu ɗan Malam Madu ya yi ƙarya, kuma ƙaryar muguwa ce, don kakarsa ya ɗora wa laifinsa, tsohuwar da ba ta iya tuna abin da ta karya da shi da safe balle ta kare kanta. Ƙato ne mai gemu, yana da mata, yana da babur. Kada kowa ya ce yarinta ce. Rashin kunya ne.

Gidan Malam Madu yana wani ƙauye kusa da Zakirai, inda gona ke manne da gona. Asalinsu Barebari ne, amma sun daɗe a ƙasar Kano har Barbarcin ya ƙare a bakin kowa, sai a bakin mahaifiyarsa, Iya Kaltumi. 'Yarsa Asama'u, ƙanwar Khalilu, tana koyar da kwamfuta a wata makaranta a Ungogo, tana zuwa gida in an yi hutu. Shekarun baya, lokacin da kan Iya yake garau, Asama'u ta riƙa zaunar da ita tana ɗaukar muryarta a waya: sunayen kakanni, hanyar da suka biyo daga gabas, da waƙoƙin da mata ke yi a kan dutsen niƙa. Ta juye komai a cikin kwamfutarta ta ɗauka. Daga baya wayar ta faɗa rijiya, Iya kuma ta fara mantuwa. Abin da ya rage na Barbarcin gidan nan duka yana cikin wannan kwamfuta, babu shi a wani wuri.

Tsohuwar kwamfuta ce, batirinta ya mutu tuntuni, ba ta aiki sai an jona ta da wuta. Ƙauyen kuwa wayoyin lantarki sun iso shi, wutar ce ba ta biyo su ba. Sai ɗan ƙaramin janareto na Malam Madu, kuma tun da aka cire tallafin mai ba a tayar da shi sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Malam Madu yakan buɗe tankin ya leƙa kamar mai duba tukunyar miya.

Wata Asabar mutanen gidan duka suka tafi suna a unguwar gaba, ban da Iya. Khalilu ya ce kansa ke ciwo. Suna ɓacewa, Iya na barci a ɗakinta, ya tayar da janareto, ya ɗauko kwamfutar ƙanwarsa, ya saka faifan kokawar Turawa, ya miƙe a tabarma. Da ya ƙoshi da kallo ya danna wajen kashewa, sai kwamfutar ta ƙi mutuwa. Ta rubuta cewa tana sabunta kanta, kada a yanke mata wuta. Khalilu ya yi sakandare, ya karanta, ya kuma gane. Ya jira kaɗan, ya leƙa tanki ya ga yadda fetur ya sauka, ya tuna da idon babansa. Ya kashe injin. Ya mayar da komai inda yake, ya ɗaure kansa da rawani ya kwanta yana nishi.

Washegari da hantsi Asama'u ta nemi izinin tayar da injin don ta shirya darasi. Ta kunna kwamfuta. Haske ya zo, wasu ɗigogi suka yi ta zagaye, sai baƙi. Kwamfutar ta sake tashi da kanta, ta sake zagaye, ta sake baƙi. Haka ta yi ta yi.

"Innalillahi," in ji Asama'u. "Wa ya taɓa min kwamfuta?"

Khalilu yana bakin ƙofa yana sakace. Ya ce, "Ni fa ban so in faɗa ba. Jiya Iya ta shiga ɗakin nan neman goronta, ta jawo waya, na ji abu ya faɗo tim. Ni na ɗauke ta daga ƙasa."

Aka tambayi Iya. Ta kalli wannan, ta kalli wancan. "Ni? To, in mijina ya ce ni ce, wataƙila ni ce. Kan nan nawa ya zama ƙwarya mai huda." Mijina take kiransa, irin wasan kaka da jika. Amma ranar ba ta yi dariya ba. Ta koma ɗaki, aka kai mata tuwo ta ce ba ta jin yunwa.

Khalilu kuwa bakinsa ya buɗe. Ya ce abu ne mai sauƙi, a ba shi ya kai ta Zakirai wajen Sama'ilu mai gyara, a yi mata fomat, a wanke ta tas a zuba mata sabuwar manhaja, kafin la'asar ta dawo kamar daga kwali. A tunaninsa in an wanke ta, an wanke sawunsa. Malam Madu bai san fomat ba, amma ya san wanki abu ne mai kyau, ya ce to a kai mana.

Asama'u ta rungume kwamfutar a ƙirji. "Baba, in aka wanke ta, muryar Iya ta tafi. Duka. Sunayen nan da waƙoƙin nan."

"To kwamfutar ba ta riga ta mutu ba?"

"Ba ta mutu ba, Baba. Kamar ɗaki ne da ƙofarsa ta cije. Kayan suna ciki lafiya lau. Yaya Khalilu cewa yake a rushe ɗakin a gina sabo."

"Ke dai kin cika tsawaita magana," in ji Khalilu. "Kowa fomat yake yi."

"Ba kowa ke da Iya a cikin tasa ba."

Malam Madu ya dubi ƙofar ɗakin Iya. Uwarsa ce. Shi kansa sunan kakan kakansa ya kuɓuce masa. Ya ce, "Kada wanda ya wanke komai."

Ranar Litinin Asama'u ta shiga motar Zakirai. Sama'ilu ma da farko cewa ya yi fomat ya fi sauri, don masu gyara sun fi son aikin da ba ya cin lokaci. Da ta gaya masa abin da ke ciki, sai ya ajiye abin da yake yi, ya ba ta aron filashi mai ɗauke da kayan gyara, wanda kwamfuta za ta iya tashi daga kansa in nata ya ƙi. Ya ce, "Malama, kin fi ni sani, amma ki tabbata da wuta. In ta sake ɗaukewa ana tsakiyar aiki, ba ruwana."

Nan maganar ta dawo kan fetur. Tankin janareto ya kusa ƙafewa, Malam Madu ya leƙa ya ce shi bai gane yadda aka yi ba. 'Yan bumburutu na bakin titi kuwa farashinsu sai mai ƙarfin hali. Malam Madu ya waiga ya ga babur a jingine da dalbejiya.

"Khalilu, ba jiya ka sha mai ba?"

"Baba, na zuwa kasuwar Ɗambatta ne."

"Ɗambatta tana nan, ba inda za ta. Zuƙo shi."

Khalilu ya durƙusa da siririyar roba, ya zura a tanki, ya tsotsa. Fetur ya cika masa baki, ya yi ta tofarwa yana tari, hawaye na zuba. Iya da aka fito da ita inuwa ta kalle shi ta ce, "Mijin nan nawa, yunwar har ta kai ga shan mai? Ku ba shi tuwona, ga shi can ban ci ba." Matan gida suka kwashe da dariya. Wannan ne karo na farko da ta yi raha tun da aka ɗora mata laifin.

Bayan azahar aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka jawo waya, injin ya kama. Asama'u ta soka filashi, ta kunna, ta yi ta danna wani maɓalli har kwamfutar ta tambaye ta daga ina za ta tashi. Ta zaɓi filashin. Sai ga shuɗin allo da babban rubutu a tsakiya.

Khalilu ya miƙo wuya, yana warin fetur. "Yauwa, ga shi nan. Danna babban nan."

"Babban nan shi ne sabon zubi, Yaya. Shi ne rushe ɗakin." Ta kai kibiyar can ƙasa gefen hagu, inda aka rubuta gyara da ƙananan haruffa. "Wannan nake nema."

Ta fara sa kwamfutar ta gyara hanyar tashinta da kanta. Aka jira. Malam Madu yana jan carbi, ido ɗaya a allo, kunne ɗaya a kan injin. Can kwamfutar ta rubuta cewa ta kasa.

"Ba na faɗa ba?" in ji Khalilu, murya har da daɗi. "Faɗuwar ƙasa ba wasa ba ce."

Asama'u ba ta kula shi ba. Ta buɗe wani baƙin allo, ta rubuta 'yan kalmomi, ta leƙa cikin kwamfutar. Sunayen ajiyarta suka jero, har da wadda ta sa wa suna Iya. Ta sauke numfashi. "Suna nan, Baba. Ko ɗaya bai ɓata ba." Ta ƙara dubawa, sai ta ɗaga kai ta yi wa yayanta wani kallo, ta mayar da ido kan aikinta. Ta gano cewa wani sabuntawa ne aka yanke a tsakiya, rabi ya shiga, rabi bai shiga ba, shi ya hana ta tashi. Ta umarce ta da ta warware rabin, ta koma yadda take kafin nan.

Wannan ya ɗauki lokaci. Ana cikin jira injin ya yi tari, fitilar caja ta yi rawa. Malam Madu ya miƙe da sauri irin wanda bai yi ba tun yana saurayi. "Khalilu! Sauran man!"

"Baba, ɗan wanda zai kai ni bakin titi ne ya rage."

"Zuƙo!"

Ya zuƙo. Injin ya daidaita.

Iya ta ce, "Wai ku me kuke kallo ne a cikin faranti tun ɗazu?"

"Ke muke nema, Iya," in ji Asama'u.

"Ga ni nan zaune kuna nemana. Gidan nan kowa ya rikice, amma ni ake cewa."

Kwamfutar ta mutu, ta sake tashi. Asama'u ta zare filashi. Ɗigogin suka zagaya, suka zagaya. Sai allo ya washe, hoton gonar gero da ta ɗora a fuskarsa ya bayyana, komai a inda ta bar shi. Matar Khalilu ta rangaɗa guɗa daga bayan zana, ba ta san ramin mijinta ake haƙawa ba.

Asama'u ta buɗe ajiyar Iya ta ƙara sauti. Murya ta cika zauren, ƙaƙƙarfa, mai sauri, tana jero sunaye da Barbarci tana fassarawa da Hausa.

Iya ta karkata kai. "Wace ce wannan mai surutun tsiya?"

"Ke ce, Iya."

"Ƙarya kike. Ni ban taɓa yin surutu ba."

Sai muryar ta shiga waƙar niƙa. Iya ta kasa kunne. Hannunta ya fara tafiya gaba da baya a kan gwiwa kamar mai tura dutse, leɓɓanta suka motsa, ta kama waƙar ta bi ta har ƙarshe, kalma ba ta kuɓuce mata ba. Malam Madu ya juya baya yana gyara hular da ba ta karkace ba. Tun injin bai mutu ba Asama'u ta juye muryoyin a wayar babanta da ta matar Khalilu, ta ce gobe za ta sayo filashi nata na kanta ta ƙara ajiya.

Sannan ta ce, "Baba, kwamfutar nan ba faɗuwa ta yi ba. Kunna ta aka yi, aka yanke mata wuta tana cikin aiki. Kuma ba ta kunnuwa sai an tayar da injin."

Malam Madu ya dubi hannun uwarsa, siriri kamar karan dawa. Ya dubi igiyar janareto, wadda shi kansa sai ya taka injin da ƙafa yake iya fizga.

"Wataƙila na'urar ce ta ruɗe," in ji Khalilu. "Su ma suna kuskure."

Asama'u ta danna ɗan maɓallin gefe. Mazubin faifai ya turo kansa waje. A kansa ga faifai, da hoton wasu ƙarti biyu jajaye daga su sai ɗan kamfai, ɗaya ya ɗaga ɗaya sama.

Iya ta sa hannu ta ɗauka, ta kawo shi kusa da ido, ta daɗe tana kallo. "To, wannan kam na tabbata ba nawa ba ne. Ko a ƙuruciyata ban yi irin waɗannan samarin ba."

Zauren ya ɗauki dariya, har maƙwabta suka leƙo. Malam Madu kaɗai bai yi ba. Ya ce, "Kallo ba komai ba ne. Man da ka ƙona min ma na yafe. Amma ka san ba za ta iya cewa ba ita ba ce, shi ya sa ka zaɓe ta. Uwata ta kwana da yunwa saboda kai."

Khalilu ya fara cewa wallahi, babansa ya ɗaga masa hannu. Ya sa shi ya durƙusa gaban Iya ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, a gaban matarsa da maƙwabta. Iya ta ce ta yafe, amma ta sake shi, daga yau ƙaninsa Hadi ne mijin. Ta ce a kawo mata tuwo da man shanu.

Malam Madu ya karɓe makullin babur ya jefa a aljihu. Har aka gama girbin bana Khalilu a ƙafa yake zuwa Zakirai, kuma shi ke ɗebo wa Iya ruwan wanka daga rijiya kowace safiya, da tulu a kafaɗa, a kan idon matan unguwa.