Hannun da Ba Ya Barin Tukunya a Buɗe

Suna mita goma sha biyar a ƙarƙashin teku Khaulah ta lura mijinta ya daina kallon kifaye.

Ɗazu-ɗazun nan Abdulbaƙi yake gabanta yana nuna mata kunkuru, yana kaɗa ƙafa kamar shi ya haƙa tekun. Yanzu ya tsaya cak. Ya dafe abin shaƙar iskar da ke bakinsa, ya zuƙa, ya sake zuƙa. Idanunsa suka firfito a cikin gilashi. Sai ya goga hannu a maƙogwaro kamar mai yanka, alamar da masu nutso suke yi idan iska ta yanke.

Innalillahi! Hafiz, ɗan ƙasar da ke jagorantarsu, yana can gaba da sauran mutum huɗu, ya ba su baya. A cikin ruwa kuwa babu kira, babu ihu.

Abin haushi, mutumin nan wata shida ya yi yana mata dariya. Tun da ta shiga ajin mata na koyon nutso a unguwar Setapak, don ta riƙa hutawa daga karatun digirinta na uku da ya kai su ƙasar waje, bai bar ta ta sha ruwa ba. "Ke 'yar Gwale da ko kududdufi ba ki taɓa shiga ba? Ni fa jikan Sarkawa masunta ne, a Yawuri aka binne cibiyata. Ruwa ya san ni." Shi ma ya yi kwas ɗin, amma yana yi yana hamma. Ita kuwa har a jirgin ƙasa daga unguwarsu Taman Melati tana bitar alamomi da yatsu, fasinjoji suna kallonta. Da hutu ya samu suka bar 'yarsu Zuhra wajen maƙwabciya, suka taho tsibirin Tioman.

Yanzu ga jikan Sarkawa ya ɗaga kai yana neman sama, ya fara harba ƙafa. Khaulah ta san wanda ya yi sama a guje da numfashi a riƙe, huhunsa na iya fashewa kafin ya ga rana. Ta yi kukan kura ta cafko ɗamarar rigarsa, ta fizgo shi ƙasa. Wallahi ba ta san tana da wannan ƙarfin ba.

Ya yi ta kiciniya, gwiwar hannunsa ta bugi gilashinta, ruwan gishiri ya cika mata ido. Ba ta sake shi ba. Da ɗaya hannun ta lalubo abin shaƙa na biyu mai launin rawaya, wanda kowa ke ratayawa don ɗan'uwansa, ta tura masa a baki, ta danna madanninsa. Kumfa ta tashi bul-bul-bul. Ƙirjinsa ya cika, ya sauka, ya sake cika. Ta fitar da ruwan gilashinta, ta nuna masa idanunta da yatsu biyu: ni za ka kalla. Ya kalle ta kuwa.

Ta jawo agogon iskarsa ta duba. Ikon Allah, tukunyar iskar da ke goye a bayansa cike take! To me ya hana iska zuwa? Ta danna nasa abin shaƙar, sai ta ga hannun agogon ya faɗi ƙasa, sannan ya riƙa hawa a hankali. Malamarsu ta Setapak ta taɓa nuna musu haka: makullin tukunya ne ba a buɗe sosai ba. A sama yana ɗan ba da iska, a zurfi ya kasa.

Ta miƙa hannu bayan wuyansa ta murɗa makullin. Makullin ya juya. Ya sake juyawa. Ya yi ta juyawa, sai a sannan ta gane.

Tun ranar da gas ya ƙone kicin ɗin yayarsa a Birnin Kebbi, Abdulbaƙi bai ƙara wuce tukunyar gas bai murɗa kanta ba. A gida ko ruwan shayi ta ɗora ta juya, sai ta dawo ta tarar an kashe. Har a shagon mamak, masu sayar da abinci da shayi, ya taɓa sunkuyawa zai rufe musu. Ɗazu kuwa a kwalekwale, bayan an gama duba kaya, ta gan shi zaune yana zuba labarin kamun kifin Argungu, hannunsa a kan tukunyarsa. Tsoro da dariya suka haɗu mata, har kumfa ta kufce mata ta gefen baki.

Ta buɗe makullin har ƙarshe. Duk da haka ba ta karɓe iskarta ba. Ta riƙe shi ƙirji da ƙirji suka hau a hankali, ba ta yarda sun wuce kumfarsu ba. A mita biyar ta tsayar da shi minti uku cur. A nan Hafiz ya iso a sukwane, ya haɗa yatsu yana tambaya ko lafiya. Khaulah ta mayar masa da alamar.

A kwalekwale Hafiz ya yi ta jujjuya tukunyar. "Ni da hannuna na buɗe ta lah," in ji shi da irin Turancinsu na can. "Wa ya taɓa?"

Khaulah dai ba za ta tona asirin mijinta a gaban baƙi ba. Abdulbaƙi ne ya ɗaga hannu, kansa a ƙasa. "Ni ne. Ban ma san na yi ba."

Hafiz ya girgiza kai, sannan ya nuna Khaulah ga sauran. "Shekara goma sha ɗaya ina aikin nan. Matar nan boleh, ta iya!" Suka hau tafi, har direban kwalekwalen ya danna oda. Daɗi ya kama ta har cikin ƙashi, ta rasa inda za ta sa kanta.

"Maman Zuhra," Abdulbaƙi ya ce ƙasa-ƙasa, "Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Abban Zuhra. Ashe ruwan bai gane ka ba yau? Ko don na gishiri ne?"

Ya sosa ƙeya yana dariya.

Washegari da la'asar, a gidansu na Taman Melati, ta sauke tukunyar shinkafa. Sai ga shi ya shigo kicin kamar kullum, ya sunkuya, hannunsa ya nufi kan tukunyar gas. Ya tsaya. Ya ɗago ya dube ta.

"In rufe?"

Khaulah ta ɗanɗana miya, ta ƙara gishiri, ta bar shi a sunkuye tukuna.

"Wannan dai," ta ce, "rufe."