Takardar Garmar Shanu

A shekarar da aka raba garmar shanu a ƙasar Kazaure, aka ba Kaumi tafireta a ofishin gona, aka ce ya rubuta wa manoma yadda ake aiki da garmar. Mako uku ba wanda ya ji ƙarar tafiretar.

"Kaumi," in ji Malam Na'Allah, babban akawu, "in Juma'a ta zo babu takarda, zan ba masu aikin allura injin nan. Su ai bugawa suke yi."

Ran Laraba Na'Allah ya hau babur ya bi Kaumi har Roni. Ya same shi a gindin gawo, ido a lumshe rabi, yana kallon wani manomi, Baba Mele, yana huɗa. Ƙasa na ta juyawa a hankali bayan shanun, balbelu na sauka, yatsun Kaumi kuwa suna ta motsi a kan cinyarsa.

"Gyangyaɗi ka zo yi nan?"

"Rubutu nake yi a zuci, ranka ya daɗe. Jiya na ce a danne garma da ƙarfi. Dubi hannun Baba, ko matsa ta ba ya yi. Layin nake gogewa."

Na'Allah ya duba, ya daɗe yana dubawa, har ya tuɓe takalmi ya zauna.

"To, bugun kwana nawa zai ci?"

"Tsakanin azahar da la'asar ne."

Ran Alhamis da azahar tafireta ta fara ƙara. Na'Allah ya ajiye alƙalami, ya buɗe ƙofarsa yana saurare.