Ƙahon Sa a Ajin Malama Nasira

Malama Nasira tana dire kaskon garwashi a kan tebur, Mushe Burahima (haka ake ce wa malami namiji a nan, daga Faransanci) ya ɗago kai daga kujerar baya. Daga Damagaram aka turo shi Gure ya duba koyarwarta, kuma da sa hannunsa za a sabunta kwantaraginta. Shekara shida tana wannan jira duk ƙarshen shekara, ta gaji har wuya.

Ta rubuta keratin a allo, ta zaro ƙahon sa daga jaka, wanda ta roƙo a kwata.

"Mutanen Girka na dā, ƙaho suke kira keras," ta ce wa ɗalibai. "Daga nan masana suka samo sunan wannan furotin. Habsu, ku da ke kiwo a Alakoss, me ya haɗa ƙaho da gashin kanki?"

"Babu, Malama," Habsu ta ce.

Nasira ta kankare ƙahon da wuƙa a kan wuta. Ƙauri ya tashi, aka toshe hanci ana dariya. Sai ta tsinko gashi daga ƙasan kallabinta ta jefa.

"Wallahi warinsu ɗaya!" in ji Habsu. "Har da kofato, in ana babbaka!"

"To, abu guda ne ya gina su duka."

Aji ya kaure. Yaran da tun Oktoba ba a ji muryarsu ba, yau har rige-rigen magana suke.

Mushe Burahima, mutumin da ko tari sai ya duba tsari, ya taso yana kaɗe rigarsa.

"Madam, lakol ce nan, wurin karatu, ko kwata? An ce ki karanta musu da Faransanci su kwafa." Ya miƙa mata takardar darasi, ya rage murya. "Saura minti ashirin. Kashe wutar nan, ki karanta, in sa miki hannu. Ni ma ba na son ki rasa aikinki."

Ba ta da wani aikin sai wannan. Ta karɓi takardar. Ta dubi yara arba'in da suka miƙo wuya, ta dubi garwashin da ya fara yin toka.

"Saura farce," ta ce. "Wa bai yanke nasa ba?"

Ta ninke takardar biyu, ta shiga fifita wutar da ita.