Rigar Da Ke Juya Mutum

Malam Yahaya fa mutumin Yawuri ne, ɗan masunta jikan masunta, wanda ya iya iyo tun bai gama iya tafiya ba. Shi ne idan ya ga 'yan birni sun zo bakin kogin Kaduna sanye da rigunan nan masu ruwan lemo da ke hana mutum nutsewa, sai ya bushe da dariya ya ce ga kabewa sun zo wanka. To wannan bawan Allah ne ya zauna kan tabarma wata Talata da hantsi, a gidansu na haya a Makera, yana ɗinke birginsa na jefa wa kifi, ya ce wa matarsa Khadija zai je Kakuri ya sayo rigar ceto. Ko ɗago kai bai yi ba.

Khadija tana bakin rariya tana feɗe kifin da za ta soya da yamma. Ta ajiye wuƙar.

"Rigar me, Malam?"

"Rigar ceto. Ta shiga jirgi."

"Wa za ka saya wa?"

"Ni mana."

"Kai?"

"An ce hukuma za ta fara kama duk wanda ya shiga ruwa babu ita."

"Wa ya ce?"

"A rediyo na ji."

Rediyo ɗaya ce a gidan nan, kuma a kan tagar Khadija take wuni tana surutu. Ita ba ta ji wannan sanarwa ba. Ko ma an yi, yaushe Yahaya ya fara tsoron hukuma a kan ruwa? Ta ci gaba da aikinta, amma zuciyarta ta shiga tono abubuwan da ta yi ta kawar da kai a kansu. Kwanakin baya ya dawo da ƙullutu a goshi, wai filafilin tuƙi ne ya buge shi. Mutumin da ya tsufa da filafili a hannu! Wata rana kuma ya dawo jiƙe sharkaf, babu hula, wai iska ta ɗauke. Babur ɗinsa yana jingine a zaure ya yi ƙura, wai mai ya yi tsada. Ga Audu, abokin jirginsa, da ya tsiri rako shi har ƙofar gida, kuma idan ta leƙo su gaisa sai ya riƙa amsawa yana kallon takalminsa.

Tsoro take ji, maganar gaskiya ke nan. Jikinta ya ba ta cewa wani abu ya sami lafiyar mijinta yana ɓoye mata, kuma kogin nan da ya cika ya batse da ruwan damina zai iya riƙe shi wata rana tana nan zaune tana feɗe kifi.

"Bari in raka ka," ta ce. "Dama ina son mangyaɗa."

"Babu mangyaɗa a Makera ne, Dije?"

"Na Kakuri ya fi kyau."

Kafin ya samo amsa ta wanke hannu ta zura hijabi.

Shagon Obiora yana cikin layin masu kayan aiki. Ɗan Ibo ne haifaffen Kakuri, Hausa a bakinsa kamar Bakano, yana sayar da takalman leburori, hulunan kwano, safar hannu, da duk wani gwanjon da kamfanoni suka zubar. Rigunan ceton suna rataye can ƙurya, sun sha ƙura don ba kullum ake tambayarsu ba.

"Ta kamun kifi kake so, Malam? To ga taka." Obiora ya sauko da wata koriya mara nauyi, mai aljihuna gaba da gefe. "Duba hammatarta, a buɗe take. Bayanta raga ne, iska na shiga. Ka wuni da ita ba za ka san ka sa komai ba."

Yahaya ya sa. Ya ɗaga hannu, ya murɗa kafaɗa, ya yi kamar zai jefa birgi har ya kusa kwaɗe hulunan kwano. Ya tsuguna kamar yana cikin jirgi, ya miƙe. Khadija tana kallon fuskarsa. Ta san fuskar mijinta idan abu ya yi masa daɗi, kuma rigar nan ta yi masa. Har hannu ya zura cikin aljihu yana murmushi, yana cewa nan ƙugiya za ta zauna, nan kuma goro.

Sai kuma murmushin ya ɗauke. Ya nuna wata can sama.

"Waccan fa?"

"Wannan ai ta manyan jiragen teku ce, Malam. Ba za ka ji daɗinta ba."

"Sauko da ita dai."

Kai, rigar nan ba ta da kyan gani ko kaɗan. Ruwan lemo ce mai ɗaukar ido, duk tudun soson a ƙirji yake, ga wani ƙaton wuya da ya zagayo ƙeya kamar matashin kai. Da ya sa ta, haɓarsa ta ɗage sama, hannuwansa suka buɗe gefe. Ya gwada jifan birgi, wuyan rigar ya goge masa kunne. Nan da nan gumi ya tsattsafo masa a goshi. Amma bai cire ba, sai shafa wuyan nan yake yi yana latsa shi.

"Dije," ya ce, "je ki sayo mangyaɗan naki kafin mu gama."

To fa. Ƙaryarta ta kama ta. Ta fita tana cizon leɓe. Ba ta taɓa cinikin mangyaɗa da sauri irin na ranar ba, ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Da ta dawo sai ta hango su sun haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa, Obiora yana kwatanta wani abu da tafin hannu, yana kifewa yana juyowa. Suna ganinta suka rabu. Mai ruwan lemon tana cikin leda, koriyar ta koma kan ƙusa.

"Wannan ka ɗauka?" ta tambaya.

"Ita ce daidai ni."

Ta juya ga mai shago. "Oga Obiora, me wannan ta fi waccan da shi?"

Obiora ya saci kallon Yahaya.

"Ni na tambaye ka, ba shi ba."

"Hajiya, ta fi ƙarko ne. Kuma ana hango ta daga nesa."

"Wanda zai wuni cikin rana yana jefa birgi, tsakaninka da Allah wacce za ka ba shi?"

"Koriyar," in ji Obiora a hankali.

"To me ya ce maka da na fita?"

Yahaya ya ɗauki ledar ya ce su tafi rana na yi. Khadija ba ta motsa daga bakin ƙofa ba, kuma ƙofar shagon ba ta isa mutum biyu ba. Obiora ya sosa ƙeya, ya dubi wannan ya dubi wancan.

"Malam, ka yi haƙuri," ya ce. "Ni ma da matata Theresa ce ta tsare ni haka, faɗa mata zan yi." Ya juyo gare ta. "Koriyar nan ta wanda ya iya iyo ce kuma yana cikin hayyacinsa. Za ta ɗaga shi, amma idan ya faɗa a kife, a kife zai zauna. Ita wannan, ko mutum ya suma bai san inda kansa yake ba, an yi ta ne don ta juya shi fuska sama. Abin da ya tambaye ni ke nan."

Ta matsa ta ba mijinta hanya.

A gindin wata bishiyar dogonyaro kusa da inda 'yan keke mai ƙafa uku ke tsayawa Yahaya ya tsaya da kansa. Bai jira ta tambaya ba.

"Wani duhu ne ke zuwa min," ya ce. "Ba ya sallama. Ina tsaye sai dai in farka in gan ni a kwance."

"A cikin jirgi?"

"A cikin jirgi. Ran da na dawo babu hula kuwa, cikin ruwa na faɗa. Audu ne ya kamo ƙafata."

"Shi Audu ya sani, mai shago ya sani, ni da nake wanke maka kayan da ka faɗa ruwa da su ban sani ba."

"Na san abin da za ki ce ne."

"Asibiti zan ce."

"Shi ne ai. Likita kuma ya ce in bar ruwa. In bar ruwa in yi me, Dije? In zauna a zaure ina korar ƙuda?"

Ta fizge ledar daga hannunsa.

"Mayar masa zan yi. Wannan rigar ita za ta ba ka ƙarfin gwiwar komawa. Babu riga, babu kogi, sai an duba ka."

Yahaya bai ɗaga murya ba. "Asibiti zan je, na yarda, ki sa rana. Amma da rigar nan ko babu ita, gobe zan shiga ruwa."

Ta daɗe da shi, ta san muryar da yake magana da ita idan ya gama yanke shawara. Ta tsaya riƙe da ledar, ta kasa komawa shagon, ta kasa miƙa masa. Sai ta zaro rigar ta hau dubawa. Gwanjo ce fa. Wa ya san shekarunta a rana? Wa ya san ko soson cikin ya mutu? Ga ɗinkin gefe kamar an taɓa farkewa an mayar. Shi kuma Obiora, duk kirkinsa ɗan kasuwa ne, bai taɓa ganin rigar nan a cikin ruwa ba balle ya ga ta juya wani. A kan maganar baki kawai za ta sallama mijinta?

Ta tsayar da keke. "Bakin kogi," ta ce wa mai keken.

"Gida dai," in ji Yahaya.

"Bakin kogi na ce."

Sun tarar da Audu yana toshe wata ɓaraka a jikin jirginsu. Yana ganin Khadija da riga a hannu ya miƙe tsaye, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Sannu da riƙon amana, Malam Audu," ta ce, ta wuce.

Akwai wani lungu da ruwa ke kwanciya, inda mata ke wanki da safe. Yanzu babu kowa. Nan ta tsayar da mijinta, ta sa masa rigar da hannunta, ta ja igiyoyin ta ɗaure tamau har ya yi ƙorafin numfashi.

"Ka shiga har ƙirji," ta ce. "Ka kife, ka saki jikinka gaba ɗaya. Kada ka motsa ko yatsa. Idan ka taimaka mata zan gani."

"Dije, mutane na kallo."

"Audu ne kawai, shi kuwa ya ga wanda ya fi wannan."

Ya shiga yana gunaguni. Ruwan ja ne, ruwan damina, ya haura masa gwiwa, ya haura ƙugu. Ya waiwayo ya dube ta, ya ja numfashi, ya faɗa da fuska.

Ta yi niyyar ta tsaya ta sa ido sosai, ta kama rigar da ƙarya ko ta kama shi da maguɗi. Amma abin da ta gani ba gwaji ba ne. Mijinta ta gani a kife cikin kogi, furfurar ƙeyarsa a jiƙe, hannuwansa suna reto, ruwa yana ɗan jan sa gefe. Bai motsa ko yatsa ba, kamar yadda ta ce. Rigar ma ba ta motsa ba. Sai wani tunani ya faɗo mata: idan duhun nan ne ya zo masa yanzu fa? Ta yaya za ta bambance? Ita ce ta ce kada ya motsa.

A hankali kafaɗarsa ta hagu ta fara ɗagowa. Jikin ya karkata, ya tsaya kamar zai koma, sannan ya mirgina. Fuskarsa ta fito sama, ƙeyarsa a kan tudun wuyan rigar, ruwa na zuba daga gemunsa. Idanunsa a rufe suke.

"Yahaya," ta ce.

Tunda aka kawo ta gidansa ba ta taɓa kiran sunan nan a gabansa ba. Ya buɗe ido ya gan ta a kansa. Ba ta san lokacin da ta shiga ruwan ba, ga shi har ƙugunta, hijabinta ya jiƙe yana jan ta ƙasa, hannuwanta biyu sun damƙe wuyan rigar.

"Kin gani ko?" ya ce yana haki, yana ƙoƙarin yin dariya. "Ta juya ni."

"Na gani," ta ce.

Ya ce ta sake shi ya miƙe da kansa, ai ƙafarsa na taɓa ƙasa. Ba ta sake shi ba har suka fito tudu.